Doki Goma Sha Uku da Farar Rigar Alhaji Dalhatu

Ranar Litinin Mai Unguwa Abdussamad ya yanke mana hukunci, a tsaye kuwa, don ya ce in ya zauna za mu cinye shi da surutu. Mu mata arba'in da ɗaya ne masu turara shinkafa a rumfar da ke bayan siton Alhaji Dalhatu, nan Gummi, kuma ɓuntun shinkafa muke hurawa a ƙarƙashin tukwanen duro. Sati biyu kafin nan tartsatsi ya tashi daga murhunmu ya sauka a kan siton. Ƙaiƙayin da ya taru a ƙarƙashin kwano ya kama, katako uku suka ƙone kafin maza su hau da bokitai. Siton kuwa cike yake da shinkafar mutane, saboda haka ba wanda ya ga laifin Alhaji da ya kai ƙara.

"Alhamis bayan La'asar," in ji Mai Unguwa, "in ruwan injinku ya kai ƙololuwar siton ga, ku zauna inda kuke. In bai kai ba, ku kwashe tukwanenku ku koma bayan gari."

A cewarsa ruwan da bai kai ƙololuwa ba, ba zai kashe gobara ba. Bayan garin da yake nufi fili ne can bakin hanyar daji, inda ko mai babur ba ya son yamma ta yi masa. Mun san rabinmu mazansu ba za su bar su zuwa ba, sauran rabin kuma su da kansu ba za su je ba. Korar mu can da rufe sana'ar duk ɗaya.

Alhaji Dalhatu ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Ni da kaina za ni hawa bisa. Da farar riga. In ta jiƙe, na janye magana."

Injin namu kashi biyu ne. Akwai ɗan injin fetur mai ƙarfin doki biyar, akwai kan famfo mai farfela a ciki, wanda ke jawo ruwa daga tafkin bayan unguwa ya turo shi cikin mesa. Bel ne ya haɗa su, kowanne da fulinsa, wato faifan ƙarfen da bel ɗin ke zagayawa. Shekara shida yana cika mana kwamin jiƙa shinkafa, bai taɓa ba mu kunya ba. Amma da Basira, wadda ke tayar mana da shi kullum, ta ɗaura wa mesar tsukakken baki ta ɗaga sama, ruwan ya kai rabin bangon siton ya sunkuyar da kai ya dawo.

Kafin Azahar duk unguwa ta gano cutar. Doki ne ya yi kaɗan. Mai shayi ya faɗa, mai faci ya faɗa, har wanda bai taɓa kama sifana ba ya faɗa. Ni dai in magana ta zo bakin kowa lokaci guda, nakan tambaya wa ya gwada. Ba wanda ya gwada.

Talata da safe sai ga Haladu bakanike da kura, maza huɗu na turawa, a kai wani baƙin injin gas na niƙa da ya ajiye a shagonsa. Haladu ɗan kawuna ne, taubashina, shekara sittin da wani abu muna tsiya ba mu gaji ba.

"Turai, kauce, kada doki su take ki," ya ce. "Goma sha ukku ne. Wanga in ya yi tari, Bukkuyum sai sun ji yayyafi."

"Awo," na ce. "Kai ma ai ƙato ne, ban ga abin da kat taɓa ɗagawa ba in ba kwanon tuwo ba."

Ya sauke ɗan injinmu ya jingine shi gefe kamar marar lafiya, ya ɗora nasa. Ya daɗe yana zaɓen fulin da zai sa wa babban injin, don kan famfon ya ci gaba da juyawa daidai yadda ya saba. Na tambaye shi dalili. Ya ce haka ubangidansa ya koya masa: kowane kai da gudunsa, ba a taɓa shi. Na ce ubangidan nasa wa ya koya masa? Ya ce in je in duba tukunyata.

Sannan ya yi gwaji irin na mutanen fadama. A nan ba a auna injin ruwa da komai sai saurin cika fangali, wato kwamin shuka, to da yake babu fangali sai aka kawo duro. Ya cire tsukakken bakin nan ya jefar, ya saki mesar a buɗe. Wayyo, zo ka ga ruwa! Ɗan injinmu in an buɗe mesa gaba ɗaya yakan yi nishi ya rage gudu, wannan ko a jikinsa. Duron da muke cikawa a ƙirga sittin ya cika a arba'in, ya yi ambaliya, ya wanke ƙafafun mai shayi. Mata suka ɗauki guɗa. Wata ta kifa ƙwarya a ruwa ta fara kiɗa, aka sa Haladu tsakiya yana juyi da sifana a hannu, tumbinsa na gaba shi yana biye. Ni ma na taka, ba zan ɓoye ba. Sai da na koma gida ina wanke ƙafa na tuna Alhaji Dalhatu ba cikin duro ya ce zai zauna ba.

Laraba da hantsi na tsinto tsukakken bakin a cikin ɓuntu, na ba Basira na ce ta ɗaura. Haladu ya murɗa injinsa, ƙasa ta ɗauki rawa, Basira ta ɗaga mesa. Ruwan ya tashi, ya tashi, ya kai rabin bango, daidai inda na Litinin ya bar tabo, ya sunkuyar da kai ya dawo.

Doki goma sha uku suka ci gaba da ƙugi.

"Iska ce," in ji Haladu.

"Wace iska?" na ce. "Ko ganyen darbejiya bai motsa ba."

"To mesar ta yi tsawo."

"Litinin gajeruwa ce?"

Na ce masa, "Haladu, ka san keken ɗinkina. In na tashi na zaunar da ɗan dambe a kai, yana taka feda daidai yadda nike takawa, allura za ta ƙara gudu? Ƙarfi shina nan cikin ƙafarshi, amma ba a nemi ƙarfin ba. Farfelar ga yadda take juyawa jiya, haka take juyawa yau. Dokinka takwas zaune suke suna cin gas."

Mata suka fashe da dariya, kuma nan na yi kuskure, don daɗin dariyar ya ɗebe ni na ƙara da cewa doki ba shi da wani amfani a wannan magana, zancen maza ne kawai. Haladu ya ɗauki sifana. Ya kwance notinansa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mana da ɗan injinmu, ya sa aka ɗora nasa a kura.

"Tunda ke ce injiniya, gobe ki jiƙa Alhaji da keken ɗinki," ya ce, ya tafi.

Basira ta dube ni. "Inna Turai, kin kore muna doki. Yanzu mi za mu yi?"

Na ce ta kawo ruwa da tsumma. A jikin kan famfon akwai ɗan allon ƙarfe da laka ta rufe tun zuwansa. Muka goge, na sa tabarau na karanta. An rubuta iyakar juyin da kan zai iya ɗauka a minti guda. Na ciro tef ɗin ɗinki na auna fulin inji, na auna fulin kai, na yi lissafi da tsinke a ƙasa. Ashe shekara shida muna tafiyar da shi a kashi biyu cikin uku na gudunsa. Fulin kan inci shida ne. In aka sa mai inci huɗu, farfela za ta ƙara rabin gudunta. Na kuma tuna wani abu daga karatunmu na makaranta: in gudun farfela ya ƙaru da rabi, tsayin da ruwa zai kai ba rabi zai ƙaru ba, ninki biyu zai yi da ɗan ɗori. Rabin bango sau biyu da ɗori, ai ƙololuwa ke nan har da hular Alhaji.

Na tashi na yi rawa ni kaɗai a gaban inji, Basira na kallona kamar na taɓu.

Fuli mai inci huɗu a tarkacen ƙofar shagon Haladu na samo shi. Yana zaune yana kallona ina tona, ina aunawa da tef, bai hana ni ba.

"Munduwa kike nema?" ya ce. "Ta yi miki kyau, ɗauki."

Alhamis da safe Basira ta ɗaura shi, ta matsa injin baya bel ya ɗame. Mata suka kewaye mu. Ta ja igiya. Kukan famfon ma ya sake, ya zama siriri kamar na sauro. Mesa ta yi tauri ta miƙe, Basira ta ɗaga, ruwan ya wuce tabon Litinin, ya wuce taga, ya doshi bakin kwano. Guɗa ta tashi. Na ɗaga hannu biyu sama ina cewa a kira min Haladu ya zo ya gani.

Ban rufe baki ba ɗan injin ya fara tari. Ya yi nishi irin na jakin da aka yi wa lodin raƙumi, ya fesa baƙin hayaƙi, ruwan ya yi ta gajarta yana gajarta har ya zubo a kan ƙafata. Inji ya mutu. Muka sake tayarwa, ya sake mutuwa. A karo na uku warin ƙuna ya tashi, Basira ta ce ita ba za ta kashe shi da hannunta ba.

Na zauna a kan buhu. Sai a lokacin sauran rabin darasin ya dawo mini. Gudun da ya ninka tsayin ruwa sau biyu, ƙarfin da yake ci ninki uku ne da wani abu. A gudun da, famfon yana cin doki uku da rabi, biyar sun ishe shi har da saura. Yanzu sha biyu yake nema. Ai ko a keken ɗinki na sani: in ka sa allura ta yi gudu a kan yadi mai kauri, ƙafa ce ke biya. Na kori ɗan damben ranar da aikinsa ya zo.

Azahar ta kusa. Wata daga cikinmu, mai marayu huɗu, ta fara tattara muciyoyinta tana ɗaurewa. Wannan ya tashe ni. Na yafa mayafi na nufi kasuwa.

Na tarar da Haladu kwance a kan benci yana dariya har da hawaye. Daga shagonsa ya ji mutuwar injin, duka ukun.

"Allah shi jiƙan doki biyar," ya ce. "An yi jana'iza ko a jira ni?"

"Tashi, ɗan kawu. Dokinka nike so."

"Waɗanda ba su da amfani? Masu cin gas a zaune?"

"Su. Na samo musu aiki."

Na zana masa lissafin a ƙasa da ƙusa. Ya daina dariya, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni allon ƙarfen da gaske ya yarda da wannan gudun? Na ce ya zo ya karanta da idonsa. Ya ce shekara talatin yana ɗaura kawunan famfo bai taɓa goge allon ba. Da na waiga sai na ga babban injin yana nan a kan kura, ko igiyar ba a kwance ba tun jiya.

"Da sharaɗi," ya ce. "Ki shiga gaban kura, daga nan har rumfa, kina faɗin doki na da amfani. Da ƙarfi, yadda kinka faɗi waccan."

"Na yarda. Kai kuma kana baya kana amsawa, ubangidana bai karanta allo ba."

Haka muka ratsa kasuwar Gummi da tsakar rana, tsohuwa a gaba tana shelar doki na da amfani, tsoho a baya yana tona asirin ubangidansa, maza huɗu na tura baƙin inji a tsakani. Masu kifi suka bar kifinsu, masu albasa suka biyo mu. Wani mai sayar da shanu ya tsayar da ni ya ce shi dai saniya ta fi. Kafin mu kai rumfa mun zama ayari, kuma ba wanda ya san dalilin tafiyar sai mu biyu.

Ana sallame La'asar Alhaji Dalhatu ya iso cikin farar shadda mai sitaci, tana ƙara in ya motsa. Aka kafa tsani ya hau, ya zauna a ƙololuwar sito ya buɗe lema.

"Alhaji, lemar mi ce?" in ji Mai Unguwa daga ƙasa.

"Ta rana ce. Ruwa kam ban sa ran shi ba."

Haladu ya ɗaure noti na ƙarshe, babban inji da fulinsa na Talata, kan famfo da ɗan fulina. Basira ta kama bakin mesa, mata biyu suka riƙe ta ta baya. Ya yi bisimilla ya murɗa.

Ruwan ya fita da wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ya wuce tabo, ya wuce taga, ya bugi bakin kwano, tau! Nan ya tsaya. Injin bai yi nishi ba, ko kaɗan, amma bel ya fara ihu yana hayaƙi. Tsohon bel ne, bai saba ɗaukar wannan nauyi ba, sai santsi yake a kan ɗan fulin. Saura kamu uku ruwa ya kai Alhaji. Ya leƙo daga ƙarƙashin lema ya ɗaga mana hannu.

"Sannunku da ban-ruwa! Kwanon ya gode!"

"Bel ya yi sako-sako!" Haladu ya yi tsawa. "A ja injin baya! Ku kawo ƙarfe, ku kawo wani abu!"

Ƙarfe babu, taɓare kuwa muna da su. Ya sassauta noti biyu, mata shida suka cusa taɓare a gindin injin suka danna, mai marayun nan a gaba, zanenta ɗaure a ƙugu. Ni ina ba da murya kamar a wurin daka. Injin ya matsa baya ɗan yatsa guda. Ihun bel ya ɗauke.

Abin da ya fara tafiya lema ce. Ta juye ta tashi ta faɗa bayan sito. Hula ta bi ta. Sannan ruwan ya sami Alhaji a ƙirji sosai, ya rungume ƙololuwar kwano da hannu biyu da ƙafa biyu, shaddar nan ta manne masa kamar fatar kifi.

"Ya isa! Na jiƙe! Wallahi na jiƙe!"

Mai Unguwa ya kafa hannu a kunne. "Mi yac ce? Ƙarar inji ta hana ni ji."

"Cewa yay yi gaban kaɗai ya jiƙe," in ji Haladu, "bayan rigar da saura."

Basira dariya ta ci ƙarfinta, mesa ta kufce ta yi wutsiya, ta bi taron nan kaf. Mai shayi ya samu, masu albasa suka samu, Mai Unguwa ya samu a rawani, ni tabarau na sai a cikin ɓuntu aka tsinto shi. Ba wanda ya gudu. Guɗa ta haɗu da ihu, ƙwarya ta koma ruwa, Haladu ya kashe inji yana tari yana dariya.

Alhaji ya sauko a hankali, ruwa na zuba daga aljihunsa. Mai Unguwa ya kama gefen rigar ya matse a gaban jama'a, kamar mai duba awo, ya ɗaga hannunsa kowa ya ga danshi.

"Ta jiƙe," ya ce. "Ku zauna. Amma babban injin ga ba ya barin nan, kuma a sake bel, ba kullum za a samu mata shida da taɓare ba."

Kowa ya dubi Haladu. Ya sosa ƙeya ya ce dama injin zaune yake a shago, ya fi so ya zauna inda ake turara shinkafa, ko ba komai zai riƙa zuwa duba shi lokacin da tuwo ya nuna.

Alhaji Dalhatu ya tsaya a gabana yana rawar ɗari. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Hajiya, in an tsawaita mesar ga, tana kai wa ɗaya gefen siton? Can ma ƙaiƙayi ya taru." Na ce tsawon mesa yana cin ƙarfin ruwa, sai an gwada, kuma in ya shirya sake hawa mu a shirye muke. Ya ce wannan karon a rataya rigar ita kaɗai.

Mai marayun nan ta kwance muciyoyinta ta mayar da su inda suke. Ɓuntun kusa duk ya jiƙe, sai da aka tono busasshe daga ƙasan tsibi. Basira ta hura murhu na farko, hayaƙi ya tashi, aka ɗora duro. Haladu na gefe yana goge allon ƙarfen da hannun rigarsa, yana gaya wa masu albasa cewa tun Talata ya san fulin ne matsalar, jira kawai yake in gane da kaina.

Na bar shi ya gama, sannan na miƙa masa taɓarya na ce ya riƙe ta, in bel ya sake ihu shi ne doki na goma sha huɗu.